Kurmin Salama a Bakin Kogin Kaveri

A kudancin ƙasar Indiya, cikin jihar Tamil Nadu, akwai wani ƙauye da ake kira Tannirpalli, kusa da garin Kulithalai, a bakin kogin Kaveri wanda mutanen wannan nahiya suke girmamawa tun kaka da kakanni. A gefen ƙauyen, cikin inuwar itatuwan mangwaro da na kwakwa, akwai waɗansu 'yan bukkoki da ɗakin ibada guda ɗaya, wanda in baƙo ya hango shi daga nesa, ya ga irin gininsa da siffofin da aka yi wa ƙofarsa, zai iya rantsuwa wurin bautar mabiya addinin Hindu ne, sai fa ya shiga ya ga gicciye, ya ji ana karanta Zabura da Linjila, sa'an nan ya gane ashe Kiristoci ne mazauna wurin. Sunansa Shantivanam, watau kurmin salama da harshen Sanskirit. Tarihinsa nake so in ba da, domin a iya sanina babu inda aka gwada haɗa imanin Kirista da riyalar yoga da gaske, aka kuma ɗanɗana zaƙin abin da ɗacinsa, kamar yadda aka yi a wannan ɗan wuri.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu san abin da ake nufi da yoga, gama abin da akasarinmu muka sani da wannan suna a yau shi ne lanƙwasa jiki da miƙe gaɓoɓi a kan tabarma don neman lafiya, alhali kuwa wannan ɗan reshe ne kawai daga babban itace. Asalin kalmar yana nufin ɗaurewa ko haɗawa, irin yadda ake haɗa shanun noma biyu da karkiya. Wani malami mai suna Patanjali, fiye da shekara 1,500 da suka wuce, ya tattara ƙa'idodinta cikin gajerun jimloli kusan 200, ya kasa tafarkin mataki takwas. Matakai biyu na farko duk tarbiyyar hali ce, wadda ta fara da barin cutar da kowane mai rai, da gaskiya, da barin sata, da kame kai, da ƙin tara abin duniya. Na uku ne zaman jiki, na huɗu sarrafa numfashi. Daga nan sai janye gaɓoɓin ji da gani daga abin da ke ɗauke musu hankali, sai tsayar da zuciya a kan abu guda, sai zurfafa muraƙaba, har a kai ga matakin ƙarshe inda mai tafakkuri yake ɓacewa cikin abin da yake tafakkuri a kansa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malaman tasawwufi ya ji suna maganar zuhudu da halwa da fana'i, zai ji wannan tsari bai yi masa baƙunta sosai ba, ko da yake kamannin hanya ba ya nuna cewa masauki ɗaya ne.

Malaman Musulunci ma sun riga Turawa leƙa wannan fage. A farkon ƙarni na 11 Albiruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci. A ƙarni na 16 Shaihu Muhammad Gaus na Gwalior, shaihin ɗariƙar Shaɗɗariyya, ya fitar da Bahrul Hayat da harshen Farisa, inda ya bayyana irin zaman 'yan yoga da yadda suke riƙe numfashi. Har Shaihu Muhammad Sanusi, wanda zawiyoyin ɗariƙarsa suka bazu cikin Sahara zuwa ƙasar Cadi, ya ambaci tafarkinsu cikin Salsabil, littafinsa da ya tattara ɗariƙu 40. Saboda haka tambayar da Kiristocin Shantivanam suka yi fama da ita tsohuwar tambaya ce wadda ta shafi kowane mai addini: shin ana iya aron hanyar horar da jiki da zuciya daga wurin waɗansu mutane, a bar musu aƙidarsu, ko kuwa hanya da aƙida tare suke tafiya kamar jini da tsoka?

Wanda ya fara gwada irin wannan rayuwa a ƙasar Tamil wani fada ne ɗan Italiya, Roberto de Nobili, na ƙungiyar Jesuit, wanda ya sauka birnin Madurai a 1606. Da ya lura manyan garin suna ƙyamar addinin Kirista don suna ganinsa addinin Fotugisawa ne masu cin nama da shan giya, sai ya tuɓe baƙar rigarsa ya yafa mayafi mai launin jar ƙasa irin na masu zuhudun Hindu, ya bar cin nama, ya koyi Tamil da Sanskirit har ya iya muƙabala da malamansu. 'Yan'uwansa suka kai ƙararsa, magana ta yi tsawo har ta kai Roma, inda Paparoma Gregory na 15 ya yi masa izini a 1623, amma bayan fiye da shekara ɗari, a 1744, wani Paparoman ya taƙaita waɗannan al'adu ƙwarai. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma wani Babrahmane ɗan Bengal da ya shiga Katolika, Brahmabandhab Upadhyay, ya so ya kafa gidan ruhubanawa irin na Indiya a Jabalpur, bakin kogin Narmada, wakilin Paparoma ya hana. Ya rasu a 1907 bai ga cikar burinsa ba.

Wannan buri ne waɗansu Faransawa biyu suka ɗauko. Na farko Jules Monchanin, fada daga yankin Lyon, an haife shi a 1895, mutum mai zurfin ilmin falsafa da raunin jiki, wanda ya bar ƙasarsa a 1939 ya zo ya yi shekaru yana hidima a ƙananan majami'un ƙauyukan Tamil, ƙarƙashin bishop na Tiruchirappalli. Na biyu Henri Le Saux, an haife shi a 1910 a bakin teku a yankin Faransa da ake kira Brittany, ya shiga gidan ruhubanawan Benedict na Kergonan yana ɗan shekara 19, aka ɗauke shi soja a yaƙin duniya na biyu, Jamusawa suka kama shi a 1940 ya kuɓuce, ya koma halwarsa zuciyarsa tana ta kiran Indiya. Ya iso a 1948, shekarar da aka harbe Gandhi, ƙasar kuwa ba ta gama wanke jinin da aka zubar wajen raba ta da Pakistan ba. Mutanen da suka fito daga irin wannan zamani, in suka sa wa wuri suna salama, sun san nauyin kalmar da suka furta. Ga shi kuma kalmar ta dace da ɓangarorin biyu, domin salama ita ce taken ruhubanawan Benedict tun da daɗewa, 'yan Hindu kuma sukan rufe addu'o'insu da ambaton shanti sau uku.

Ranar 21 ga Maris 1950, ranar tunawa da Waliyi Benedict, suka buɗe wurin. Suka yafa mayafin nan mai launin jar ƙasa, suka cire takalma, suka koma zama a ƙasa da cin shinkafa da ganye da hannu, kowa da bukkarsa, suka kuma ɗauki sunayen Indiya: Monchanin ya zama Parama Arubi Ananda, Le Saux ya zama Abhishiktananda, watau wanda ni'imarsa Almasihu ne. Sunan da suka yi wa zawiyar a hukumance shi ne Saccidananda, kalmar da malaman Hindu suke siffanta Haƙiƙa Maɗaukakiya da ita, wadda ta haɗa wujudi da sani da ni'ima; su kuwa suka ga a cikin waɗannan uku akwai ishara zuwa ga aƙidarsu ta Triniti, kamar yadda Upadhyay ya gani kafin su. Sun sa rai samarin Indiya za su zo su zama muridai. Shekara ta bi shekara, babu wanda ya zo ya tabbata. Kiristocin ƙasar suna yi musu kallon waɗanda suka koma Hindu, 'yan Hindu kuma suna yi musu kallon Turawan mishan da suka sake tufa.

Amma jarrabawar da ta fi wannan tsanani daga cikin zuciya ta fito. Tun a watan Janairu na 1949 su biyun suka ziyarci Ramana Maharshi, wani babban mai zuhudu da ke zaune a gindin dutsen Arunachala, mutum mai ƙarancin magana wanda yawancin karantarwarsa shiru ce, da umartar mai nema ya tambayi kansa ko shi wane ne har ya kai ga tushen wannan “ni” da yake faɗa. Le Saux ya je da zazzaɓi a jikinsa, da farko bai ga wani abin mamaki ba, amma daga baya abin ya kama shi kamun da bai sake shi ba har mutuwarsa. Tsakanin 1952 da 1955 ya riƙa komawa yana shiga halwa cikin kogunan dutsen, makonni ko watanni, yana rayuwa da abin da aka ba shi sadaka, daga bisani kuma ya miƙa wuya ga wani shaihin Hindu mai suna Gnanananda a Tirukoilur. Abin da ya ɗanɗana a can shi ne abin da suke kira adwaita, watau rashin biyu, inda mai bauta ba ya ganin wani rata tsakaninsa da abin bautarsa. Addinin da ya tashi a ciki kuwa, wanda bai taɓa barinsa ba, ya ginu ne a kan cewa akwai Ubangiji akwai bawa, akwai mai kira akwai mai amsawa, kuma ƙauna ba ta yiwuwa sai tsakanin biyu. Masu karatun tasawwufi za su tuna da doguwar jayayyar da aka yi a kan wahdatul wujudi, wadda a Indiyar nan ma Shaihu Ahmad Sirhindi ya yi raddi a kanta. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa wannan bawan Allah ya yi shekara ashirin da ɗoriya da taura biyu a baki, ya ƙi tofar da ko ɗaya, domin yana ganin tofar da kowacce cin amanar gaskiyar da ya shaida ne. Littafin da yake rubuta sirrin zuciyarsa kullum, wanda aka buga bayan rasuwarsa, cike yake da wannan azaba, da tsoron kada ya zama ya yi hasarar lahirarsa, da dare bayan dare na rashin barci. Ni a wurina wannan littafi ya fi dukan huɗubobin da aka yi a kan haɗuwar addinai daraja, saboda mai shi bai ɓoye wa kansa kome ba.

Monchanin bai bi shi har can ba. Gwargwadon yadda ya zurfafa nazari, gwargwadon yadda ya ƙara ganin cewa tsakanin rashin biyu da Triniti akwai rami mai zurfi wanda kyakkyawar niyya kaɗai ba ta cike shi, ya kuma ji tsoron inda abokinsa ya dosa. Ciwo ya kama shi, aka kai shi Paris, ya rasu a can a watan Oktoba na 1957. Le Saux ya riƙe wurin shi kaɗai, rabin zuciyarsa tana arewa, har 1968 da ya miƙa shi ga wani ya tafi ya zauna a wata bukka kusa da Uttarkashi, cikin duwatsun Himalaya, a bakin kogin Ganga. A watan Yuli na 1973 ciwon zuciya ya kayar da shi a kasuwar Rishikesh, ya ce a cikin wannan faɗuwa ne ya sami farkawar da ya daɗe yana nema; ya rasu a Indore ranar 7 ga Disamba na wannan shekara, yana fada na Katolika, bai kuma sake taka ƙasar Faransa ba tun ranar da ya bar ta.

Wanda ya karɓi wurin Bature ne ɗan Ingila, Bede Griffiths, an haife shi a 1906, ya yi karatu a Oxford a hannun marubucin nan C. S. Lewis, ya shiga Katolika a 1931, ya zama ruhubani a Prinknash. Ya zo Indiya a 1955, ya yi shekara goma a Kurisumala cikin tuddan Kerala, zawiyar da suka kafa a 1958 tare da wani ruhubani ɗan Beljiyam, Francis Mahieu. Lokacin da ya iso Shantivanam iska ta riga ta juya, domin babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Roma ya fitar da sanarwa a watan Oktoba na 1965 cewa Ikilisiyar Katolika ba ta ƙin duk abin da yake gaskiya ne kuma mai tsarki a cikin sauran addinai. Abin da de Nobili ya yi ta kare kansa a kai, yanzu ya sami ƙofa a buɗe. Griffiths kuma Allah ya ba shi abin da bai ba magabatansa biyu ba, watau sanyin hali da iya karɓar baƙo, saboda haka a hannunsa ne kurmin ya cika. Samarin Indiya suka shigo suka zauna, aka yi gona da garken shanu, aka taimaka wa ƙauyukan kewaye da makarantar yara da gidan tsofaffi, a 1980 kuma aka haɗa zawiyar da ƙungiyar ruhubanawan Camaldoli ta Italiya don ta sami gindin zama a cikin Ikilisiya.

Tsarin yini a wurin ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne ake ganin yadda aka yi saƙar. Da asuba, da kuma faɗuwar rana, akan yi sa'a guda ana zaune shiru, ƙafafu a harɗe, baya a miƙe, numfashi a hankali, kowa yana maimaita sunan Yesu ko wata gajeriyar addu'a a zuci, abin da mu za mu kira zikiri. Sau uku a yini ake taruwa a ɗakin ibada, a fara da karatu daga littattafan Hindu da waƙoƙin waliyyan Tamil da na waɗansu addinai, sa'an nan a shiga Zabura da Linjila da addu'o'in Ikilisiya. Da safe a shafa garin sandal a goshi, da rana jan gari, da yamma toka, a kuma kewaya wutar kafur a gaban wuri mai tsarki, kowa ya kai tafinsa ga harshen wutar ya shafa a idonsa. Ɗaya daga cikin almajiran Griffiths, Amaldas, shi ya riƙa koyar da zaman jiki da sarrafa numfashi ga mazauna da baƙi. Hujjarsu ita ce Kiristanci ma yana da irin wannan gado, sai dai an manta da shi a Yamma: ruhubanawan dutsen Athos na ƙasar Girka sun daɗe suna haɗa addu'ar sunan Yesu da shigar numfashi da fitarsa, kansu a sunkuye, har aka yi musu ba'a a ƙarni na 14 ana ce musu masu kallon cibiya, Gregory Palamas ya tashi ya kare su, majalisun Ikilisiyar Gabas suka ba shi gaskiya. A Turai ma wani ruhubani, Jean-Marie Déchanet, ya fitar da littafi a 1956 yana nuna yadda Kirista zai yi amfani da yoga don ya shirya jikinsa ga addu'a.

Daga wajen 1970 baƙi suka yi ta kwarara daga Turai da Amurka da Ostareliya, yawancinsu matasa waɗanda suka bar coci suka zo Indiya neman abin da ba su iya faɗin sunansa ba, da yawa kuma a wannan kurmi suka sake buɗe Linjilar da suka rufe tun suna yara. Suka kuma ta taso daga fuska uku. Waɗansu 'yan Hindu, cikinsu har da marubucin nan Sita Ram Goel, suka ce wannan yaudara ce, mishan ne ya sa rigar zuhudu don ya farauci mutane, suka kuma yi fushi da yadda aka ɗora harafin Om, wanda suke tsarkakewa, a tsakiyar gicciye. A Roma, ofishin kula da aƙida ƙarƙashin Kadinal Ratzinger ya fitar da wasiƙa a watan Oktoba na 1989, wadda ba ta haramta aron hanyoyin Gabas ba, amma ta yi gargaɗi kada mutum ya ji sanyi da sauƙi da wani haske a jikinsa sakamakon zama da numfashi, ya zaci baiwar Ruhu Mai Tsarki ce ta sauko masa. Wannan gargaɗi gaskiya ne, kuma shaihunan tarbiyya na kowace ɗariƙa sun yi irinsa ga muridansu, cewa daɗin hali ba shi ne isa ba.

Suka ta uku ita ce ta fi nauyi a ganina, ita ce kuma aka fi saurin tsallakewa. Kiristocin Indiya da yawa, musamman a ƙasar Tamil, zuriyar waɗanda ake kira Dalit ne, mutanen da tsarin jinsi na Hindu ya ajiye a ƙasan kowa, aka hana kakanninsu shiga ɗakin bauta da jin karatun Sanskirit da ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da sauran jama'a. Malamansu suka ce: mun gudo daga wannan harshe da wannan tufa da waɗannan littattafai don mu sami mutunci, yanzu kuma ga Turawa sun zo suna ce mana a cikinsu ne hikimar ƙasarmu take. Salamar da ake samu a bakin kogi da idanu a rufe, in ji su, ba ta isa ga wanda ba a yarda ya zauna a tabarma ɗaya da maƙwabcinsa ba. Ban ga amsar da Shantivanam ta bayar wadda ta share wannan magana gaba ɗaya ba, duk da hidimar da ta yi wa matalautan kewayenta, kuma ba na jin adalci ne a ba da labarin wurin a bar ta a gefe.

A watan Janairu na 1990 shanyewar jiki ta sami Griffiths yana zaune yana muraƙabar asuba. Ya warke, ya ce a cikin wannan ciwo ya ji ƙauna ta lulluɓe shi irin wadda bai taɓa sani ba a tsawon shekarunsa na ibada, waɗanda suka san shi kuma sun shaida cewa tsohon ya ƙara taushi bayan haka. Ciwon ya komo masa, ya rasu a bukkarsa ranar 13 ga Mayu 1993 yana da shekara 86, aka binne shi a nan cikin kurmin. Bayan shekara 21 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya, yoga ta shiga ɗakunan motsa jiki na kowane babban birni, ana sayar da ita sa'a sa'a, ana yi wa mai saye alkawarin kwanciyar hankali cikin 'yan makonni.

Hukuncina a kan mutanen nan uku shi ne ba su warware mas'alar aƙida da suka ɗauko ba, kuma Monchanin ya fi kusa da daidai da ya ce ramin yana nan. Amma sun tabbatar da cewa mutum yana iya zama shekara da shekaru a tsakiyar mutanen da ba addininsu ɗaya ba, ya koyi harshensu, ya karanta littattafansu da ladabi, ya amfana da abin da suka fi shi sani na horar da jiki da tattara hankali, ya kuma mutu a kan imaninsa ba tare da ya zagi kowa ba. Mai karatu, Musulmi ne kai ko Kirista, in wata rana aka kawo maka wannan magana, ko don a tallata maka ita ko don a tsorata ka da ita, ina roƙonka ka fara bincika abin da mutanen Shantivanam suka biya kafin ka yanke hukunci. Zawiyar tana nan har yau a bakin Kaveri, ruhubanawa 'yan Indiya ne suke riƙe da ita, ana kuma karɓar baƙo ko daga wane addini ya fito.